T470 ɗina ta ƙi karɓar katin modem, in bari a taɓa BIOS ko in haƙura?

Ɗan Bomo:
Assalamu alaikum. Don Allah masana kwamfuta na wannan zaure ku agaza mini, kwana biyu ke nan ina fama. Ina da ThinkPad T470, ta hannu ce, a PZ na saye ta bara waccan. Aikina tattara bayanan manoma ne, yau ina Giwa, gobe Soba, jibi Kudan, kuma dole in tura abin da na shigar kafin dare. Da hotspot na waya nake yi, to wayar sai ta yi zafi kamar dutsen guga, caji ya zube, in kira ya shigo kuma komai ya tsaya cak. Ranar da na buɗe bayan kwamfutar zan ƙara RAM na ga wani rami ba komai a cikinsa kusa da katin Wi-Fi. Aka ce mini na modem ne, in na sa kati na sa SIM shi ke nan, na rabu da wahala.

Na yi oda daga Chaina, Sierra Wireless EM7455, na yi sati 5 ina jira. Shekaranjiya ya iso. Na sa, na ɗaure, na kunna. Ko tambarin Windows ban gani ba, sai baƙin allo da wannan rubutu:

1802: Unauthorized network card is plugged in - Power off and remove the network card

A ƙarshen layin akwai wasu lambobi, 413C/81B6. Na cire katin, ta tashi lafiya lau. Na mayar, ta sake cijewa. Wani yaro a shagon gyara ya ce BIOS za a yi wa aiki, in kawo dubu 15. In kai masa, ko kuwa kuɗina sun riga sun bi ruwa?

Abban Siyama:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka sayi MiFi ka huta da wannan ciwon kai. Ka jefa a aljihu, ya ba kwamfuta, ya ba waya, har abokan tafiya su samu. Me ya kai ka farke cikin kwamfutar da kake cin abinci da ita?

Ɗan Bomo:
Ina da shi Abban Siyama, na biyu ke nan ma. Na farko batirinsa ya kumbura, na yanzu kuma sau biyu ina manta shi a caji a gida, sai na kai Kwangila nake tunawa. Abin da ke manne a jikin kwamfuta ba a manta shi.

Injiniya Tudun Jukun:
Kada ka kai wa yaron nan tukuna. Kuɗinka ba su bi ruwa ba, kuma ba na jin ana bukatar a taɓa BIOS ɗinka ko kaɗan. Amsar tana cikin lambobin nan da ka kwafo, Allah ya yi maka albarka da ka kwafo su, yawanci sai dai a ce mana "ta ƙi yi" a bar mu da duba.

Ga yadda abin yake. Duk na'urar da ke magana ta hanyar USB tana da lambobi biyu da take gabatar da kanta da su, ta kamfani da ta samfuri. Katin modem ɗin nan duk da a ramin M.2 yake zaune, ta layin USB yake magana da kwamfutar. Lokacin da ka danna maɓallin kunnawa, BIOS, wato manhajar da ke fara tashi kafin Windows, tana tambayar abin da ke ramin, kai wane ne? Sai ta duba wani ɗan jeri da aka rubuta mata tun daga masana'anta. In sunanka na ciki ka wuce, in babu ta tsayar da komai. Kamar mai gadin ƙofar jarrabawa da takardar sunaye a hannu, bai damu da ko ka yi karatu ba, sunanka kawai yake nema.

To 413C lambar Dell ce. Katin da aka aiko maka EM7455 ne na gaskiya, amma wanda aka yi wa Dell, su suna kiransa DW5811e. Juya shi ka duba takardar da ke manne, za ka gani. Shi kuwa T470 ya san EM7455, yana cikin katunan da ake sayar da shi da su tun fitowarsa a 2017, amma da sunan da Lenovo ta raɗa masa, wato 1199/9079. Ƙarfe ɗaya ne, cif ɗin Qualcomm ɗaya ne, suna ne ya bambanta. Sunan nan kuwa ana canza shi a jikin katin.

Ɗan Bomo:
Wallahi Injiniya haka ne! DW5811e ne a rubuce ƙanana a ƙasa. Ni EM7455 kawai na gani a hoton mai sayarwa na danna.

Oga Sabon Gari:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bari ni ma in faɗi nawa tunda sana'ata ce aka ambata. Cire jerin nan daga BIOS ba ƙarya ba ne, muna yi. Ana buɗe kwamfutan, a nemo ɗan IC mai ƙafa 8 da BIOS ke zaune a ciki, a maƙala masa kilif, a haɗa da na'urar karanta IC da ake kira CH341A, a karanto abin da ke ciki, a gyara, a mayar. In ya yi kyau kowane kati ka sa zai ɗauka. In bai yi kyau ba kuwa, kwamfutan ya mutu, fanka kawai zai riƙa juyawa.

Bakano a Samaru:
"Kwamfutan ya mutu." Allah ya jiƙan kwamfutan, ya ba iyalansa haƙuri. Zagezagi dai ko kwamfuta sai kun mayar da ita namiji. Ɗan Bomo shigo mota ka kawo ta Farm Centre, kafin ka gama shan lemo an gama maka.

Oga Sabon Gari:
Ai ku ne kuke aiko mana da gawarwakin da kuka kashe a can muna tayarwa. Nan birnin ilimi ne, ba birnin ciniki ba. To don Bakano ya samu barci, kwamfutar TA mutu.

Abin da nake so Ɗan Bomo ya gane, yaran da ke cewa a kawo dubu 15 yawancinsu sau ɗaya suke karanto IC ɗin su hau gyara. Ni sai na karanta sau 3 na gwada su na ga sun zo iri ɗaya, saboda kilif ɗin nan in ya ɗan goce da ƙafa ɗaya zai ba ka shara ka ɗauka BIOS ce. Ka ajiye shara a matsayin madogara, ka goge na asali, to me za ka mayar? Na taɓa karɓar wata T440p da aka yi wa haka. Mai ita ɗalibi ne, aikinsa na kammala digiri na ciki, saura kwana 9 ya miƙa. Ya zauna a bencin shagona tun hantsi har la'asar bai ce uffan ba, ko ruwan da na ba shi bai sha ba. Ita T440p IC biyu ne da ita, mai 8MB da mai 4MB, yaron da ya yi aikin bai ma san da haka ba. Sai da na samo irinta na kwafo na haɗa da ragowar nasa kafin ta buɗe ido. Sannan baƙin CH341A ɗin nan mai araha, da yawa daga cikinsu suna tura 5V a layukan bayanai alhali IC ɗin 3.3V yake so, wasu sababbi ma 1.8V. Wa ya gaya wa yaro wannan?

Don haka in akwai hanyar da za a bi ta jikin kati, a bi ta can. Kati in ya lalace ka yi asarar kati. Bod in ya lalace ka yi asarar jari.

Baba Ƙofar Doka:
Ni fa tambaya gare ni, ku yi haƙuri da tsoho. Mutum ya sayi abu da kuɗinsa, ya biya, ya zama nasa. Don me wanda ya ƙera zai zauna a ƙasarsu ya yanke abin da zan sa a ciki? In na sayi Vespa, kamfani ne zai zaɓa mini tayar da zan ɗaura?

Injiniya Tudun Jukun:
Baba, dalilin da masu ƙerawa suke bayarwa shi ne doka. A Amurka hukumar FCC ce ke ba da izinin duk abin da ke watsa igiyar rediyo, kuma ana gwada kati ne tare da eriyar da ke jikin wannan kwamfuta takamaimai, a auna ƙarfin da ke fita da wanda jikin mutum ke sha in ya ɗora ta a cinya. In ka sa wani katin daban, wannan haɗin ba a gwada shi ba. Mu ma nan NCC tana da nata tsarin amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar.

Ummi Linux:
Yaya Injiniya, da girmamawa, wannan hujjar ba ta cika gamsar da ni ba. Dell ma a Amurka take sayar da kaya, dokar ɗaya ce a kansu, amma Latitude ba ta tsayar da kai a baƙin allo don ka canza kati. Tsofaffin HP kuwa suna yi, saƙonsu 104 ne, Unsupported wireless network device detected. Ashe ke nan zaɓi ne, wani ya zaɓi ya kulle wani ya bari. Kuma dubi abin da ya samu Yaya Ɗan Bomo: kati ɗaya, eriya ɗaya, ƙarfi ɗaya, lamba kawai ta bambanta. Wace igiyar rediyo ce ta canza tsakanin 81B6 da 9079?

Injiniya Tudun Jukun:
Ban ce na yarda da su ɗari bisa ɗari ba ƙanwata, na faɗi abin da suke faɗa ne. Akwai kuma batun sauƙin aikinsu. Kamfanin da ya sayar wa banki kwamfuta dubu ba ya son a kira shi a ce modem ba ya aiki, ya zo ya tarar wani kati ne da bai taɓa gani ba. Amma cewa akwai cinikin kayan gyara a ciki, wannan ko makaho ya shafa ya ji.

Malama Kongo:
Baba, tambayarka ita ce ake ta shari'a da muhawara a kanta a Turai da Amurka, abin da suke kira haƙƙin gyara. Ni dai abu biyu zan ce wa Ɗan Bomo. Na farko, ka tabbata kwamfutar taka ce ba ta wurin aiki ba. In ta ofis ce, ko noti ɗaya kada ka kwance sai da izini a rubuce. Na biyu, ku da za ku koya masa canza lamba, ku bambance masa sarai tsakanin lambar samfuri da IMEI. Kada wani ya karanta zancen nan ya ɗauka duk canza lamba ɗaya ne.

Ummi Linux:
Gaskiya ne Anti. IMEI ita ce shaidar katin a wurin kamfanin layi, da ita ake bin sawun na'urar sata, ba mu da abin da zai kai mu wurinta. Wadda za mu taɓa tsakanin kati da kwamfuta kawai take, ba ta fita waje.

Ɗan Bomo:
Tawa ce Malama, da kuɗin masarata na saya. Rasit ma yana nan.

Baba Ƙofar Doka:
To amma ba yaudara a ciki? Ka sa abu ya ce shi wane ne alhali ba shi ba ne.

Bakano a Samaru:
Baba ai ba mutum za a yaudara ba, BIOS ce, ita kuwa ba ta da haƙƙi a kan kowa.

Malama Kongo:
Inda yaudara za ta shigo, Baba, shi ne in ya tashi sayarwa ya ce wa mai saye katin asalin na Lenovo ne don ya ƙara kuɗi. In ya faɗi gaskiyar abin da aka yi, kayansa ne.

Ummi Linux:
To Yaya Ɗan Bomo ga aikin. Matsalar farko, ba za ka iya gyara katin a cikin T470 ba tunda ba ta barinka ka wuce ƙofa. Kana bukatar ɗan adafta na M.2 zuwa USB, mai ramin da ake kira B-key, irin mai ramin SIM a jiki. Ina da shi, ina Samaru, in ka shigo ka yi mini magana a akwati. BIOS ba ta binciken abin da aka soka a ramin USB na waje, ramin ciki kawai take gadi.

Sai ka tashi kwamfutar da Ubuntu daga filash, ba sai ka goge Windows ɗinka ba. Ka tsayar da ModemManager, manhajar da ke kula da modem a Linux, tukuna, don in yana aiki zai riƙa yi maka katsalandan a tashar. Katunan Dell sau da yawa suna zuwa da tashar AT, wato hanyar ba kati umarni a rubuce, a rufe, sai an buɗe ta da manhajar qmicli, a mayar da tsarin USB ɗin zuwa 8. In ta buɗe za ka ga ttyUSB guda 3, ta ƙarshen ce ta magana. Ka shiga da manhajar minicom ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka jira ya ce OK:

AT!ENTERCND="A710"
AT!USBVID=1199
AT!USBPID=9079,9078
AT!RESET

Kafin ka canza komai, ka tambayi katin abin da yake ɗauke da shi yanzu ka rubuta a takarda, ATI da AT!USBPID? da AT!IMPREF? don ka san hanyar komawa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, saboda katunan da aka ciro daga kwamfutocin Amurka wasu an saita su a kan Verizon ko AT&T. In ka ga haka sai an mayar da shi GENERIC, wato na kowane layi, kuma dole manhajar GENERIC ɗin ta kasance a cikin katin, in ba haka ba zai kwanta ya ƙi kunna rediyo. Ka kula da rubutun, lamba ɗaya in ta kauce direba, wato manhajar da ke haɗa Windows da kati, ba zai gane shi ba.

Abban Siyama:
Kai jama'a! Duk wannan karatun don a shiga intanet? Ni na danna maɓalli ɗaya a MiFi na wuce wurin.

Sojan Basawa:
Ni na ji ana liƙa salatif a ƙafa ɗaya ta katin, sai BIOS ta kasa ganinsa. Na yi wa X220 ɗina haka da katin Wi-Fi.

Oga Sabon Gari:
Yallaɓai wancan wani ciwo ne daban. Ƙafa ta 20 a tsohon ramin mini PCIe ita ce kwamfuta ke amfani da ita ta kashe rediyon kati, to in kati ya shiga amma rediyo ya ƙi tashi, shi ne ake rufe ta. Ba ta ɓoye sunan kati. Wanda ya ci karo da 1802 ko nadin salatif guda ya ƙarar ba zai wuce ba.

Injiniya Tudun Jukun:
Akwai dai wata dabara mai kama da abin da Soja yake nufi, amma ta rubutu ce. A katunan Sierra akwai saitin FASTENUMEN, shi ke sa kati ya yi saurin bayyana kansa da zarar wuta ta shigo. In aka hana shi wannan saurin, sai BIOS ta leƙa ramin ta ga ba kowa ta wuce, can bayan ta wuce katin ya farka. Masu kwamfutar da EM7455 ba ya cikin jerinta kwata-kwata su ke bin wannan. Kai Ɗan Bomo ba ka bukata, tunda taka ta san shi. Masu X230 da T430 kuma suna da manhajar 1vyrain, ana cire jerin ba tare da kilif ba, amma iyakarsa wannan zuriyar, kada wani ya gwada a kan wata.

Yanzu ga tambayar da ya kamata in fara yi maka tun farko, na sha'afa. Da ka buɗe, ka ga wasu siraran wayoyi biyu kwance kusa da ramin, ɗaya ruwan lemo ɗaya shuɗiya, da ɗan roba a bakinsu?

Ɗan Bomo:
Na sake buɗewa yanzu. Wayoyi biyu kawai na gani, baƙa da toka-toka, kuma suna jikin katin Wi-Fi. Babu ruwan lemo babu shuɗiya.

Oga Sabon Gari:
To ga inda gizo ke saƙar. Taka ba ta zo da eriyar modem ba. Da yawa daga cikin na hannun da ake shigowa da su haka suke, ofisoshin da suka saye su sababbi ba su biya kuɗin wannan ba. Ko BIOS ta yi maka maraba da shayi, ba eriya ba sabis. Da ka kai wa yaron can dubu 15 ɗinka, da ya gama taɓa BIOS sannan ku tsaya kuna kallon juna.

Kuma kada ka ce za ka ciro na Wi-Fi ka soka, ba a yanka su don mitar 800 ko 900 ba, sannan ka rasa Wi-Fi. Kada kuma ka bar katin yana neman sabis ba eriya a jikinsa, ba ya son haka.

Eriyar a saman murfi take zama, bayan firam ɗin gilashi. Sai an ɓalle firam, a manna su a kusurwa, a bi da waya ta gefen gilashi, ta ratsa ta hinji, ta sauko bod. Wurin hinjin nan ne ake kuskure, in waya ba ta zauna a hanyarta ba, buɗewa da rufewa na wata biyu ya isa ya gutsure ta. Kan wayar kuma MHF4 ne, ƙarami ne fiye da na tsofaffin katuna, kamar ƙwayar gero. Da farce ake dannawa a miƙe har ka ji ɗan ƙas. In ka danna a karkace ya lotse, shi ke nan. Ina da gawar T470 a shago da ruwa ya ci bod ɗinta, murfin lafiya lau, zan duba ko da eriya.

Abu na ƙarshe, T470 batir biyu gare ta, na waje da na ciki. Cire na waje bai isa ba. Ka shiga BIOS da F1, Config, Power, ka kashe na ciki kafin ka sa sukudireba. Na san ba ka yi haka ba da ka sa katin.

Ɗan Bomo:
Ban yi ba Oga. Allah ne ya tsare.

Malama Kongo:
Ni tambayata ta marasa sani ce. Katin da aka yi don Amurka da Turai, zai kama layukanmu na nan?

Injiniya Tudun Jukun:
Tambayar masu sani ce wannan Malama. EM7455 yana kama band, wato zangon mita, 1, 3, 7, 8 da 20 cikin waɗanda suka shafe mu, sauran yawanci na Amurka ne. MTN tana da 4G a band 3, 7 da 20, Airtel tana da band 3, wato 1800, don haka waɗannan ba matsala. Abin da ba shi da shi shi ne band 28, mitar 700, wadda Glo ta fara 4G ɗinta a kai a 2016, haka kuma ba shi da band 40 na Spectranet. Ɗan'uwansa EM7430 da aka yi wa yankin Asiya shi ke da 28 da 40, amma shi kuma ba shi da 20. Kowanne da gibinsa. A takarda yana kai 300Mbps saukewa, 50 ɗorawa, amma wannan lissafin takarda ne, hasumiyar unguwarku ce mai yanke hukunci.

Kuma tunda ƙauye kake shiga, ka sani katin nan 4G da 3G kawai ya iya. Ba ya jin 2G ko kaɗan. Duk inda wayarka ta nuna E, shi babu abin da zai gani.

Abban Siyama:
Alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Mutumin da aikinsa ƙauye ne ya sayi abin da ba ya aiki a ƙauye.

Ɗan Bomo:
Abban Siyama, inda waya ke nuna E ai ko da hotspot ban taɓa iya tura fayil ba, sai na fito titi. Ban yi asarar abin da nake da shi ba.

Ummi Linux:
Kuma eriyar da ke saman murfin kwamfuta ta fi ta cikin waya girma da sarari, ba a kuma riƙe ta a tafin hannu. Inda sabis ke da rauni za ka iya ganin bambanci. Ban yi alkawari ba dai.

Ɗan Bomo:
Salam 'yan'uwa, na dawo da rahoto bayan kwana 6.

Ranar Asabar na je Samaru, Ummi ta zo da adafta tare da yayanta, muka zauna a wani shagon kwafi kusa da babbar ƙofar jami'a. Tashar AT ta ƙi fitowa da farko kamar yadda ta ce, ta buɗe ta. Da muka tambayi AT!IMPREF? sai ga shi GENERIC ne tun asali, aiki ya ragu. Ta ce ni zan rubuta da hannuna don in koya. Hannuna na rawa na rubuta 9097 maimakon 9079, saura in danna ta ce tsaya, karanta da ƙarfi. Na gyara. Bayan AT!RESET katin ya ɓace na ɗan lokaci, gabana ya faɗi, sai ga shi ya dawo da 1199:9079. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, amma a batir muke, ba abin da ya faru. Ko sisi ta ƙi karɓa, Allah ya saka da alheri, ya ba da sa'ar karatu.

Litinin na kai wa Oga. Gawar tasa tana da eriya, ya ciro ya dasa mini. Na tsaya a kansa ina kallo, wajen ɓalle firam da wani ɗan roba kamar na kaɗa garaya na rufe ido, na ɗauka gilashin zai tsage. Katin yana da ƙananan baki 3, ya nuna mini na tsakiya na GPS ne, ruwan lemo ta tafi MAIN, shuɗiya ta tafi AUX. Muka kunna. Ba 1802, Windows ta tashi. Na sauke direban EM7455 daga shafin Lenovo, ya ɗan ɗauki lokaci yana shirya katin, sai ga Cellular ya fito a ƙasa kusa da Wi-Fi.

Sabon SIM na yanka da NIN ɗina don kada in riƙa cire na waya. Bai haɗu da kansa ba sai da na rubuta APN, wato saitin intanet na kamfanin layi, da hannu. A Sabon Gari da Samaru 4G ne cike. Jiya a cikin garin Giwa na tura aikin yini ina zaune a mota, wayata tana aljihu ba ta san ana yi ba. Da na shiga wani ƙauye can ciki kuwa, babu ko sanda ɗaya, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Sai da na fito kwalta ya dawo a 3G.

Abban Siyama:
To nawa ka kashe gaba ɗaya, kati da eriya da kuɗin aiki da na mota? Faɗi tsakaninka da Allah mu gwada da kuɗin MiFi.

Ɗan Bomo:
Ya fi kuɗin MiFi, ba zan ɓoye ba. Ka ci wannan.

Ummi Linux:
Yaya, in wata rana ka koma Linux gaba ɗaya ka ga katin ya ƙi kunna rediyo, kada ka tsorata. Akwai wani kulle na FCC da direban Windows ke buɗewa a ɓoye, shi kuwa ModemManager tun daga 1.18.4 ya daina buɗewa da kansa, sai ka kunna masa da hannu a babban fayil ɗin fcc-unlock.d. Aikin minti biyu ne.

Oga Sabon Gari:
Kuma ka riƙa buɗe murfin daga tsakiya, ba daga kusurwa ɗaya ba kamar yadda na ga kana yi. Wayoyi huɗu ne yanzu ke bi ta hinjin nan.

Sojan Basawa:
Injiniya, ni kuma T480 ce a hannun ƙanina, EM7455 ɗin zai shiga?

Injiniya Tudun Jukun:
T480 da Fibocom ta zo, L850-GL ko L830-EB, jerinta daban ne. Ka ce ya buɗe ya duba wayoyin nan biyu tukuna, ya turo hoto, kafin kowa ya yi odar komai.

Bakano a Samaru:
In babu ruwan lemo da shuɗiya a turo shi Farm Centre.

Oga Sabon Gari:
Gawa ɗaya ce gare ni kuma an riga an cire mata eriya. Soja ka ce ya turo hoton da rana, ba da fitilar waya ba.